Da za a riƙa turo wa kowa kuɗi duk wata, me zai canza a lafiyarmu?

Anti Bilki:
Slm jama'ar gida barkanmu da dare. Akwai maganar da ta tsaya min a rai tun shekaranjiya nace bari in kawo ta nan. A Kenya akwai ƙauyuka a yankin Siaya da Bomet da wata ƙungiya GiveDirectly take tura wa duk baligi kuɗi ta waya duk wata, wajen dala 22, ba ruwansu da kai talaka ne ko mai hali, ba a ce sai ka kai yaro rigakafi ko makaranta ba, kuma alƙawarin shekara 12 aka yi musu ba wata uku ba. Shi ake cewa albashin kowa-da-kowa. To ranar awon da ta wuce a ɗan asibitin ƙauyen da nake aiki, muna zaune da mata muna jiran layi ya ragu sai na tambaye su, nace da za a riƙa turo muku dubu goma duk wata babu fashi me zai canza a lafiyarku? Ni na ɗauka nama da madara zasu fara cewa. Wata mai ciki wata bakwai tace Anti da na daina cewa mu ga zuwa gobe. Wlh sai da jikina yayi sanyi, don wannan kalmar ita nake ji kullum. Yaro ya fara zazzaɓi ranar Litinin a ce mu ga zuwa gobe, a jiƙa masa farasitamol, Talata a ce mu ga zuwa gobe, sai Alhamis a kawo min shi yana jijjiga jini ya ƙare, abin da gwaji da maganin maleriya na kwana uku zai gama ya koma neman ledar jini da motar zuwa babban asibiti. Ba jahilci bane kamar yadda ake yawan faɗa, uwar ta san yaronta ba lafiya tun ranar farko, kuɗin mashin ne babu. Ku fa a unguwanninku me kuke ganin zai canza?

Maman Ilham:
Wslm Anti. Ni ba sai na yi dogon tunani ba. Ina da yarinya sikila shekararta tara, folik asid da faludirin na kariyar maleriya kullum ne, ga ranar kilinik duk wata, in ciwon ya tashi cikin dare kuwa sai dai Allah. Babanta tela ne, watan sallah akwai kuɗi sauran watanni sai a hankali. Abin da yake kashe ni ba tsadar maganin bace kaɗai, rashin sanin ko zan samu ne. Da na san ranar 1 ga wata abu kaza zai shigo ko dubu biyar ce zan iya ce wa mai kemis ajiye min na wata, shima zai yarda don ya san akwai inda zai fito. Kuma zan yi barci.

Alhaji Mai Tireda:
Allah ya ba ta lafiya Maman Ilham. Amma Anti Bilki ku tsaya mu faɗa wa juna gaskiya. Ni a kasuwa nake. Ranar da aka ce kowa ya samu alat ɗin dubu goma, washegari kwanon masara zai ƙara kuɗi, mai kemis zai ƙara, mai mashin da yake kai ku asibiti zai ƙara. Mun gani da aka yi ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa 70,000 a 2024, kafin ma wasu jihohin su fara biya kaya sun riga sun tashi. Kuma ku duba Iran, ƙarshen 2010 suka cire tallafin mai da burodi suka ce zasu riƙa bai wa kowane mutum riyal 455,000 duk wata, lokacin kuɗi ne mai auki wajen dala 40 da wani abu, iyali mai mutum shida ya isa ya riƙe su. Cikin 'yan shekaru hauhawar farashi ta cinye shi, adadin ya yi shekaru yadda yake amma ya daina sayen komai. Mu da nairarmu take haka me zai hana?

Malam Habu Ticha:
Alhaji ya taɓo wajen. Bari in ƙara da lissafi. Mun haura mutum miliyan 200. Ko manya kaɗai aka ɗauka a ce miliyan 100, dubu goma sau miliyan 100 tiriliyan ɗaya kenan duk wata, tiriliyan 12 a shekara. Kasafin tarayya gaba ɗaya na 2024 tiriliyan 28 da ɗoriya ne. Kenan kusan rabin kasafin. A ina za a samo? In buga kuɗi za a yi to maganar Alhaji ta tabbata.

Anti Bilki:
Malam Habu na yarda da lissafinka ban ce gobe za a fara ba. Amma tambayata ba ta kasafi bace tukuna, so nake in ji me mutane suke gani zai taɓa a jikinsu. Don in ba mu san inda ciwon yake ba ko kuɗin ya samu a banza zai tafi.

Abba Adaidaita:
Anti ni in faɗa miki nawa tsakani da Allah. Ina fita ƙarfe shida na safe ban dawowa sai goma na dare, saboda balas ɗin mai mashin dole ya fita kullum ko ina lafiya ko ba na lafiya, ga mai tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kun san yadda ya koma. Bayana yana ciwo shekara biyu kenan, hayaƙi ya sa min tari, an ce in je a yi hoton ƙirji ban je ba, ba don kuɗin hoton kaɗai ba, wunin da zan yi a layi waye zai biya min balas? Kuma ba zan ɓoye ba da yawa cikin abokan sana'armu abin da yake kai su ga tiramol kenan, ba don daɗi suke sha ba, don jiki ya ɗauki aikin da ya fi ƙarfinsa ne. Da akwai wani abu tsayayye duk wata da na huta ranar Juma'a. Hutun kwana ɗaya a sati kawai nake nema wlh.

Alhaji Mai Tireda:
To Abba kai kenan mai hankali. Wani in ya samu kuɗin ai ƙwayar zai ƙara saya. Wani kuma aure zai ƙara, yara su ƙaru, a koma gidan jiya.

Abba Adaidaita:
Alhaji da girmanka amma mai shaye-shaye ko ba a ba shi ba yana samowa, ya sayar da wayar ƙanwarsa ma. Kar a hana mutum ɗari saboda mutum biyar.

Nas Zee:
Slm, sai yanzu na tashi daga aikin dare na ga zancen. Alhaji wannan tsoron naka ba mu kaɗai muke da shi ba, shi ne abu na farko da ake faɗa a ko'ina. A Kenyan an bibiya, masu binciken har da Abhijit Banerjee wanda ya samu kyautar Nobel a 2019, sakamakon da suka fitar a 2023 bai nuna shan giya ya ƙaru ba, mutane basu daina aiki ba, sai dai da yawa sun bar ƙwadago a gonar wani sun kama sana'ar kansu, kuma alamun ciwon damuwa sun ragu.
Abin da nake so in ƙara shi ne na nan inda nake. Ina aiki a arewa maso gabashin Ingila kusa da wani gari Jarrow, garin da aka rufe masana'antar ƙera jiragen ruwa mutanensa wajen 200 suka taka a ƙafa har Landan a 1936 neman aiki, har yau talauci bai sake shi ba. A 2023 aka kawo shawarar a gwada bai wa mutum 30 fam 1,600 duk wata na shekara biyu, wasu a Jarrow wasu a wata unguwa a Landan, aka yi ta muhawara a kai. To ku lura nan ganin likita kyauta ne, ba kuɗin kati ba kuɗin gado. Amma in kina hira da marasa lafiyan da suke zuwa mana maganarsu ɗaya da ta Maman Ilham, barci. Tsohuwa mai ciwon huhu zata ce miki tana kashe hita a tsakiyar sanyi don tsoron bil, ɗakin yayi danshi ciwon ya tashi a kawo ta, mu yi mata magani sati ɗaya mu mayar da ita ɗakin da ya sa mata ciwon. Wani yana aiki biyu ba ya ganin 'ya'yansa. Wannan ya nuna min ko an gyara asibiti tsaf akwai ciwon da daga aljihu yake tasowa.
Akwai kuma na Kanada, garin Dauphin, daga 1974 zuwa 1979 aka tabbatar wa duk wanda samunsa ya gaza wani adadi za a cike masa. Takardun suka yi shekaru a kwali ba wanda ya duba sai da wata malamar jami'a Evelyn Forget ta tono su ta fitar a 2011, ta ga kwanciya asibiti ta ragu da kashi 8.5, kuma inda ya fi raguwa haɗurra da raunuka ne da matsalar ƙwaƙwalwa. Abba ka ji, raunuka. Mutumin da bai gaji ba ba ya yawan yin haɗari.

Baba Mai Ritaya:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Ni shekara 35 na yi ina aikin gwamnati, ina da hawan jini da suga. Abin da zan faɗa muku game da kuɗin wata-wata shi ne amfaninsa yana ga zuwansa a kan lokaci. Watan da fansho ya shigo da wuri ina sayen maganin wata guda cur. Watan da aka yi jinkiri sai in koma raba ƙwaya biyu, ko in sha yau in tsallake gobe, kuma duk wanda ya san hawan jini ya san wannan shi ne hanyar shanyewar ɓarin jiki. Abokaina biyu haka suka tafi, ba wai ba a gano ciwon ba, an gano, an rubuta magani, takardar tana aljihu. Saboda haka in za a yi a yi wanda ba ya fashi. Wanda za a ba ka wata biyu a ɓace wata bakwai ya fi cutarwa don ka riga ka ci bashi da sunansa.

Maman Ilham:
Baba gaskiya ka faɗa. Irin na 25,000 ɗin nan da aka ce za a ba gidaje miliyan 15 har wata uku bayan cire tallafi, a layinmu gida ɗaya na sani da ya samu, shima sau ɗaya.

Malam Habu Ticha:
Kuma nan ne ni nake ganin hujjar masu cewa a ba kowa ta fi ƙarfi, duk da lissafin da na kawo. Duk tallafin da aka yi a ƙasar nan a wajen rubuta suna yake lalacewa. Na 5,000 na zamanin Buhari da aka zuba masa dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta dawo da su, rigimar kullum ita ce waye a rajista waye babu. Janairun 2024 har dakatar da ministar jin ƙai aka yi aka tsayar da shirye-shiryen. In aka ce duk mai NIN ne, ba mai unguwa ba kansila ba ɗan siyasa a tsakani, an rage ƙofar cuwa-cuwa. Sai dai tsohuwar da take ƙauyen da ba sabis ba banki ba mai POS, ita ce ta fi buƙata kuma ita ce zata fi wahalar samu.

Issoufou Maradi:
Salamu alaikum 'yan uwa, ku ba mu wuri mu ma na Nijar. Mu nan an yi wani tsari na gwamnati da Bankin Duniya, ana ba mata jika goma ta sefa, wato sefa dubu goma, kowane wata har wata 24, ba kowa ba, gidajen da aka zaɓa. A garin kakannina an yi. Abin da na gani da idona, matan sun shiga adashe da shi, sun sayi awaki, kuma lokacin da hatsi ya ƙare a rumbu kamin sabon ya nuna ba su saida akuyar ba, yara na samun fura da nono. To amma ga inda nake tare da masu shakka. Tun 2006 aka ce yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a likita, da fiɗar haihuwa. Sai gwamnati ta riƙa jinkirin biyan likitocin kuɗinsu, ka je a duba yaro kyauta a rubuta maka takarda a ce magani babu je ka saya waje. Kenan ko da kuɗi a hannunka in ka tarar ba magani ba ma'aikaci, tafiyar banza ka yi. Kuɗi na kai ka ƙofar likita, abin da ke ciki kuma wani zance ne.

Anti Bilki:
Malam Issoufou wannan ita ce fargabata ni ma, kuma ni ce a cikin ɗakin. Mu biyu ne a asibitinmu sai mai gadi. In yau duk matan da suke cewa mu ga zuwa gobe suka daina suka taho, wlh ba zamu iya da su ba, abin gwajin maleriya ma yana ƙare mana. Tun 2001 aka yi alƙawari a Abuja cewa kashi 15 na kasafi zai tafi lafiya, tarayya bata taɓa kaiwa ba, kuma fiye da kashi 70 na kuɗin da ake kashewa a lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Abin da nake tsoro kar a ba mutum dubu goma a ce to shikenan an sallame ka je ka nemi lafiyarka.
Amma duk da haka ina nan kan bakata, saboda mun taɓa gani a nan Jigawa ba labarin Kenya ba. Shirin da Save the Children da Action Against Hunger suka yi da kuɗin Birtaniya daga 2013 zuwa 2019, a Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma, da Anka da Tsafe a Zamfara. Mace in ta samu ciki ana ba ta 3,500 duk wata har yaron ya shekara biyu, daga baya aka mayar 4,000, kuma ba a tantance wai ke talaka ce ko a'a, in dai kina garin kina da ciki kin shiga. Ana haɗawa da wa'azin shayarwa da abincin yara. Binciken da aka yi ya nuna tsumburewar yara ta ragu da wajen kashi 8. Yayata tana aiki a ɗaya daga cikin wuraren lokacin, tace abin da ya fi ba ta mamaki yawan masu zuwa awo, har waɗanda da sai an bi su gida. Kuma Alhaji, in tsoron shi ne maza zasu ƙwace kuɗin, yawanci a hannun matan kuɗin ya zauna, suka sayi ƙwai da wake da kifi, wasu suka ja jarin ƙuli da awara.

Alhaji Mai Tireda:
To wannan na yarda da shi Anti don na masu ciki ne kuma garuruwa kaɗan ne ba zai motsa kasuwa ba. A yi irinsa a duk arewa ni zan fara sa hannu. Na kowa-da-kowa ne har yanzu ban gamsu ba.

Nas Zee:
Alhaji kan farashi akwai wani binciken daban a Siaya ɗin, inda aka ba gidaje sama da 10,000 dala 1,000 a dunƙule, kuɗi masu yawa suka shiga ƙauyuka amma farashi kusan bai motsa ba, saboda masu injin niƙa da masu shago dama suna zaune ne ba ciniki, da kuɗi ya zo sai suka ƙara aiki. Sai dai in yi maka adalci, wancan dala ce ta shigo daga waje, ba gwamnati ce ta buga ba, kuma yanki ne ba ƙasa ba. Kuma a wannan wurin dai aka gano mutuwar jarirai ta ragu kusan rabi a gidajen da suka samu kuɗin dab da haihuwa, ya fi yawa ga waɗanda suke kusa da asibitin da yake da likita. Kun ga maganar Malam Issoufou da ta Anti duk sun haɗu a nan.

Hajiya Ladi Ungozoma:
Ni ban iya dogon rubutu ba jikata ke taya ni. Shekara talatin ina karɓar haihuwa a gida kafin a ce mu riƙa rakiya asibiti. Matan da na rasa kusan duk a kan jini ne da jijjiga, kuma kusan duk da daddare, miji yana zaga maƙwabta yana neman kuɗin mota. Awa biyu awa uku ana haɗa ɗari biyar-biyar. In kowane gida a layin yana da ɗan abu a waya minti goma an haɗa. Ba nata kuɗin kaɗai zai cece ta ba, na maƙwabta ne. Shi yasa ni na fi son a ba kowa.

Malam Habu Ticha:
Hajiya wannan ban taɓa kallonsa ta nan ba. Mu da yake komai namu karo-karo ne, in mutum ɗaya ne a dangi yake da albashi shi ne asibitin kowa, ni kaina rabin albashina a takardun maganin 'yan uwa yake tafiya. In kowa yana da ɗan nasa nauyin zai rarrabu.

Baba Mai Ritaya:
Kuma ku tuna addini bai bar mu haka ba. Zakka da waƙafi da baitulmali don wannan aka yi su, a zamanin Sayyidina Umar an kafa diwani ana yanka wa mutane rabonsu har da jarirai. Ba baƙon abu bane a wurinmu da za a ce Turawa suka ƙirƙiro. Hukumomin zakka da muke da su a jihohi da za su tsaya kan abu guda, a ce duk mai hawan jini ko sikila a ƙaramar hukuma kaza maganinsa na wata ya tabbata, da an ga bambanci kafin a kai ga maganar tiriliyan.

Maman Ilham:
Allah ya sa su ji Baba. Anti Bilki waccan mai cikin wata bakwai ɗin ya take yanzu?

Anti Bilki:
Jininta ya ɗan hau ranar, 150 bisa 100, ƙafafunta sun kumbura, na rubuta mata ta je babban asibiti a duba fitsari a yi sikanin. Tace sai mijin ya dawo daga kasuwar ƙauye ranar Laraba in ya sayar da tunkiya. Na karɓi lambar maƙwabciyarta, gobe da safe kafin in buɗe asibiti zan biya ta gidan in sake aunawa, in ya ƙara hawa ba zan jira Larabar ba zan nemi mai mashin ɗin da muke kira ya kai ta, kuɗin ma yi maganarsa daga baya.

Abba Adaidaita:
Anti turo min akawun ɗinki ta inbos, dubu biyu zan iya yau.

Alhaji Mai Tireda:
Ni ma turo min. Kuɗin sikanin ɗin nawa ne a wajenku?